Yadda Za Ka Zama Malamin Nutso da Mai Gadin Murjani a Matameye Ba Tare da Ka Iya Iyo Ba

Kai da kake zaune gindin tsamiya kana jiran girman da ba ka yi wa aiki ba, matso kusa. Abin da ke tafe an gwada shi a garin nan, ya kuma ci. In ka bi shi daki-daki, alkawari ne, kafin damina ta zagayo za a riƙa durƙusa maka ana kiranka malamin nutso, mai koya wa mutane yawo a ƙarƙashin teku, a garin da in raƙumi ya nufi teku sai ya tsufa a hanya. Rabo tsohon soja shi ya share wannan hanya, sawunsa za mu bi.

1. Ka fito daga inda ba mai zuwa ya tambaya

Faransa ta kwashi Rabo soja ta kai shi Madagaskar. A bakin tashar jiragen ruwa ya ga Nasara masu ɗaura madubi a fuska, su sa ƙafafun agwagwa, su goya kwalaben iska na ƙarfe, su shige teku kamar mai shiga ɗakin uwarsa. Aikin Rabo shi ne gadin tufafinsu. Ruwan bai taɓa wuce masa idon sawu ba, amma Allah ya ba shi kunne. Can ya ji cewa murjanin nan da matanmu ke ratayawa a wuya tsirowa yake a ƙasan ruwa, reshe-reshe kamar kurmi, kuma yana da rai.

Nisa shi ne jarinka. Kada ka ce a Dungu ka koya, akwai mai ƙanwa a can.

2. Ka tanadi kayan da ke tsorata yara

Rabo ya dawo da fuskar robar nan da ake raba wa sojoji saboda hayaƙi mai guba, mai idanun madubi da dogon hanci irin na giwa. Ya ce ita ce fuskar nutso. Ya samo bido, garwar kananzir da babu komai ciki, ya ɗaura masa igiya, ya zama kwalbar iska. Haruna baduku ya yanka masa ƙafafun agwagwa daga tsohuwar tayar mota, yana yanka yana tambaya ko agwagwar ce ta yi odar.

Ka riƙa shanya kayan a ƙofar gida ranar kasuwa. Kayan da ake shanyawa, kowa zai ɗauka sun jiƙe.

3. Ka buɗe karatu da rani

Wannan matakin shi ne gishirin sana'ar. Tafkin bayan gari ya ƙafe, an gama awon gyaɗa, ƴan dako ba su da abin yi sai hamma. Rabo ya tara su, da ƴaƴan ƴan kasuwa biyu-uku da iyayensu suka gaji da ganinsu, ya kwantar da su rub da ciki a kan tabarmi suna harba ƙafafu, ƙura na tashi.

Ya koya musu abin da ya ji da kunnensa: a tofa yawu cikin madubi don kada ya yi hazo, kada mutum ya nutse shi kaɗai, kada ya riƙe numfashi in zai taso, kuma ya taso a hankali. Duk gaskiya ne. Ka riƙa cakuɗa ƙaryarka da gaskiya, ta fi daɗewa ba ta yi tsami ba.

Goro ya fara shigowa gida, da damin gero. Balki matarsa ta karɓa ta adana, ta ce ita dai tun da ta aure shi ko a wanka buta ɗaya ke isarsa.

4. In ruwa ya zo, ka zama mai tausayi

Damina ba ta da kunya. Tafki ya cika fal, ɗalibai suka zo da murna suna tuɓe riguna, suka ce malam ya shige gaba.

Rabo ya dubi ruwan. Sai ya ɗaga hannu ya ce ba mai shiga. Murjani na tsirowa a ƙasa. Ya yi musu bayanin da ya sa har tsofaffi suka yi tsit: abin nan a shekara guda tsawon farce kawai yake ƙarawa, diddige ɗaya na rusa abin da ya soma tun zamanin kakanni, kifi a cikinsa yake haihuwa, inda aka kakkarya shi kifi ya yi ƙaura, in kuma aka ɓata masa ruwa sai ya yi fari fat ya mutu.

Daga ranar ya kafa rumfa a bakin tafki. Ya kori masu wanki, ya kori jakuna, ya hana magina ɗibar laka. Ka lura da kyau: malamin nutso ana iya cewa ya nutsa a gani, amma mai gadi aikinsa zama ne.

5. Ka yi hankali da wanda ya taɓa ganin teku

Kowane gari da nasa. Namu Alhaji Ma'u ne, ɗan kasuwar Damagaram mai sayar wa mata kayan ado, wanda ya ƙetare Bahar Maliya da zai je aikin hajji, ya kuma yi amai tun daga wannan gaɓa har waccan. Ya zo rumfa bayan la'asar, jama'a na biye, ya gaisa da ladabin da ke nuna akwai magana.

"Malam Rabo, gero sai an shuka. Shi murjanin naka, wa ya zuba irin?"

Rabo ya ce gobe za a gani. Ya je gida ya roƙi Balki aron murjaninta, gadon uwarta, wanda ko ranar suna sai ta yi shawara da zuciyarta kafin ta sa. Ya rantse nunawa kawai zai yi. Ta ce ya dawo da safe. Da safe ta miƙa masa a ƙulle cikin tsumma.

Ya nuna wa jama'a. Alhaji Ma'u ya ce to, a shuka mana a gani. Idanu suka yi wa Rabo yawa, ɗalibai na kirari, hannunsa ya yi abin da kansa bai ba shi izini ba. Murjani ya faɗa tsakiyar tafki, ruwa ya rufe.

Nan akwai darasi: in za ka yi asara, yi ta a gaban mutane, kuma da kayan wani.

6. Kada ka amince da matar da ba ta yi ihu ba

Labari ya riga shi gida. Balki ba ta fasa tuƙin tuwo ba. Ta zuba masa, ta sa man shanu, ta jira ya kai loma.

"Ranar su, ko murjanin uwata a wuyana, ko ni a gidanmu a Tsauni. Ci abincinka."

Su dai ka sani, ranar da ruwa ya janye aka yi shela kowa ya faɗa tafki da koma da ƙwarya a kama kifi. Ba mai gadin da ya isa ya hana ta, ko kumandan mai mulkin gari ne. Rabo ya zauna a rumfa yana kallon ruwa na raguwa, shi ma yana raguwa. Girman ya samu, har daga Ɗan Barto ake zuwa kallonsa, amma goro ya daina yi masa daɗi. Ya san in ƙafafun gari suka dama lakar nan, murjani ya tafi, Balki ta bi shi, kuma babu wata mace a ƙasar Kance da za ta ɗauki mutum mai hancin giwa.

7. In babu makawa, ka shiga da ado

Ranar su ya roƙi alfarma a bar shi ya fara shiga ya girbe shukarsa. Ya sa fuska, ya goya bido, ya tako da ƙafafun taya kamar mai tsallake ƙaya. Ruwa ya kai masa ƙugu. Ya tuna Nasara, ya yi bisimilla, ya kifa.

Abin da ba a faɗa masa a Madagaskar ba shi ne bidon da babu komai ciki ba ya nutsewa. Kai ya yi ƙasa, baya ya yi sama, hancin giwa ya zuƙi laka. Ɗalibai a gaɓa suka ce wannan babin ba a kai ga koya musu ba. Yana ta lalube don ya ceci ransa, yatsunsa suka sarƙe da zare. Ya miƙe yana tari, ya ɗaga hannu sama.

Murjani ya fito fari fat. Jan shafe ne, ruwa ya wanke, ƙasansa kwalba.

Rabo ya ɗaga ido, ya hangi Balki cikin mata, ta gyara mayafi daidai yadda za a gani. Murjanin uwarta na wuyanta, ja wur, bai taɓa sanin tafki ba.

Kafin a fara dariya ta ɗaga murya ta ce wannan na wuyanta ita ce uwar, malam ya riga ya ciro mata, wancan fari ɗan ne, bai nuna ba. Sai ta juya.

"Ko ba haka ba ne, Alhaji? Kai ka san murjani."

Alhaji Ma'u ya san shi kuwa. A rumfarsa ta sayi na kwalban, kuma irinsa na rataye a wuyan rabin matan da ke tsaye wurin, waɗanda ya rantse musu daga teku ya zo. Ya shafa gemu ya ce lalle ya taɓa jin ana yin haka a ƙasar Makka.

An kama tarwaɗar da ba a taɓa kama irinta ba, tunda an bar tafkin ya huta. Wannan ma aka ce albarkar murjani ce. Kafin magariba mata sun yi layi a rumfar Rabo, kowace da ƙullin tsumma, a kai mata murjaninta kiwo a tafki yadda ake kai akuya. Alhaji Ma'u ya kalli layin, ya tuna yana da uzuri a Damagaram.

8. Ka san wanda ya tsamo ka

Rabo ya shiga gida da laka har cikin kunne, yana shirin godiya. Balki ta jawo tuluna biyu da guga ta ajiye a gabansa.

"Tunda gari ya shaida ka iya ruwa, malam, rijiya na can."

Har yau in ka yi sammako za ka gan shi a hanya, tulu a kafaɗa. In ka tambaya zai ce maka horon numfashi yake yi.

Sharaɗi

Mai wannan nasiha bai ce ka shiga ruwa ba, bai ce ka taɓa kayan matarka ba, bai ma san ka ba. In bido ya kifa ka, tsakaninka da bido. In matan gari suka zo karɓar ƴaƴan murjaninsu, kada ka nuno ƙofarsa, ya yi tafiya. In kuma matarka ba irin Balki ba ce, ta ba ka na gaske ka jefa, to hanyar Tsauni a buɗe take, ka tafi biko da ƙafafun agwagwarka.