Takalman Zamiyar Kaka Aukje

"Lafiya lau, in ban da gwiwa. Ina aikena, sarkin nawa?"

Kaka Aukje ke nan a ƙofar gidanta da ke bakin korama a yankin Friesland na ƙasar Turawa, har ta ɗaura hular ulu. Rediyo ya ce sanyi ya sauko, shi ne ta aiki jikanta Sjoerd ya kai a wasa mata ƙarafan takalman zamiya, irin waɗanda ake tsere da su a kan ƙanƙara. A zamaninta babu macen da ta taɓa wuce ta a tseren kan ƙanƙara. Wata mai zuwa za a yi mata aikin gwiwa, ta kuma rantse sai ta hau ƙanƙarar koramar nan kafin likita ya taɓa ta.

"Ga su, Kaka. Mai wasawar ya ce ko gidan tarihi za a kai su?"

"Shi za a kai. Ubansa ma ƙeyata kawai ya sani a tsere. Matsa in wuce."

"Zuwa ina? Ta gada na biyo. Ƙanƙarar ba ta kai ɓawon ƙwai ba. A gabana agwagwa ta taka ta burma."

"Agwagwar ce ba ta iya ba. Mu da muke tasowa, doki da keken madara ke bi ta kan koramar nan."

"To ina kuka kai ƙanƙarar? Ku kuka narkar da ita. Kwal kun ƙona, gas kun ƙona, shanunki tamanin suna ta gyatsa, ga tsohuwar tarakta mai hayaƙi kamar gobara."

"Ji mara kunya! Da madarar shanun nan aka yi maka wannan ƙaton kan. Kai wa ya hau jirgin sama har Sifen don ya gasa bayansa a rana, ya dawo ja kamar naman da bai dahu ba? Laifi tudu ne."

"Sau ɗaya fa!"

"Ni ma tarakta ɗaya ce."

Ta ratse shi ta isa bakin ruwa, ta dangwala sanda a kan ƙanƙarar. Sandar ta shige salin alin, baƙin ruwa ya taso. Ta zaro sandar tana kallon ramin. Rabon da ƙanƙarar koramar ta iya ɗaukar nauyin mutum, tun mijinta na da rai.

Sjoerd ya matso, ya sassauta murya. "Akwai zauren ƙanƙara a birni. Na kama mana wuri yau da la'asar."

"Ƙanƙarar firji? Ni kifi ce?"

"Da babu gara ba daɗi. Kuma wutar lantarkin da ke daskarar da ita, har da ta fankokin iskar da muke kafawa a teku. Wanda kike cewa aikinsa hawa sanda, to shi ya dawo miki da abin da kika ɓarar."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta san aikin nan sarai. Ba maƙwabcin da ba ta nuna wa hotonsa yana lilo da igiya a kan fanka a tsakiyar teku ba, sai dai ko a mafarki ba za ta bari ya ji ba.

"Ashe hawan sandar na da amfani. Amma in mun je, kar ka ce jikana ne kai. Zamiyarka kamar saniya a kan tayil."

"Tsohuwa mai gwiwa ɗaya? Zagaye uku zan ba ki rata."

"Riƙe ratarka. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar ta daskare, Kaka."

"To ita kaɗai ta daskare a garin nan bana!"

Dariya ta ƙwace mata har da riƙe ƙugu. Ta shiga ciki, ta jima, ta fito da wasu takalman zamiya na fata naɗe cikin tawul, ta dangwara masa a ƙirji.

"Na kakanka ne. Shekara arba'in yana bina da su bai kamo ni ba. Saka, mu ga ko kai za ka fitar da shi kunya."