Ranar da Na Kai Rediyo Tasha

Ku matso nan, ku ara mini kunnuwanku. Wanda ya yi dariya kafin in kai aya, ba shi ba gyaɗar nan.

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da audugar kakanku Malam ta yi kyau ya sayo mana rediyo a Funtua, har da rigarsa ta fata. Sai dai gidanmu a kwari yake. In an kunna, ba ka jin komai sai shuuu, kamar ana suyar ƙosai.

A lokacin ɗan farina yana aikin masaƙa a Kaduna. (Kada ku tambaye ni sunansa, ba a bakina za ku ji ba.) Wani direba ya kawo saƙo, wai ran Laraba da la'asar za a sa muryarsa a filin gaishe-gaishe. Na taɓe baki a gaban mutane na ce, "To, sai me?" Alhali kuwa rabona da muryar yaron tun kafin shuka.

Uwa ba ta nuna ɗokin ɗan fari, don haka ban tambayi kowa ba, kunne kawai na kasa. Sai na ji ƙanen Malam, Ɗanjuma, yana cewa, "Yaya, rediyon nan lafiya lau yake. Tasha ce ba ya kamawa, mun yi mata nisa."

Na ce a raina, ashe abin mai sauƙi ne. Tasha ai na san ta.

Ran Laraba na naɗe rediyo a zane, na sa a ƙwarya, na ce za ni barka, na taka har tashar motar Malumfashi. Na kunna. Shuuu. Na ɗaga shi da hannu biyu ina zagaya motoci, ni da girmana.

"Inna, na sayarwa ne?" in ji wani ɗan kamasho.

Na ce, "A'a, ɗan nan, tasha na kawo shi ya kama."

Ya kwanta a ƙasa don dariya. Ashe direban nan yana kusa, ya ɗaga murya: "Jama'a, ku bar ta! Muryar ɗan farinta ta biyo!" Da ƙasa ta tsage, da na shige har da ƙwaryar.

Na dawo gida na tarar da doguwar gora a kan rumbu, an ɗaura mata waya don rediyo ya kama tasha. Da su Malam suka nemi rediyo suka rasa, na maƙwabta suka aro suka haɗa.

Malam bai ɗago ba. Ya ce, "Don ke aka kafa ta. Ke yaron ya fara gaisarwa. Duk unguwa an ji."

Tun ranar na yarda matambayi ba ya ɓata.

Malam ya riga mu gidan gaskiya bai taɓa yi mini gori ba. Ɗanjuma har ya tsufa, in ya gan ni sai ya ce, "An kama?" Wancan yaron, ubanku, yanzu kullum yana kira a waya, nakan ce a ba wani, sannan in matso kusa. Ni kuma kun ji inda na samo sunan Inna Tasha.