Fom ɗin Rasuwar Alhaji Buba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da yinin da na sanya wa Alhaji Buba ranar mutuwa.

Lokacin ina aiki a wani ɗan ofishin haɗa manhaja a saman bene a Gwallaga, ƙarƙashin Madam Ngozi. Mun samu aikin wata ƙungiyar makiyaya da masu sayar da nono a Inkil, suna son rajistar mambobinsu ta koma intanet. Alhaji Buba ne shugabansu, dattijo mai sanyin murya wanda bai taɓa kallon aikina ya ce ya yi ba. Yau a ƙara gurbin sunan ruga, gobe a cire, jibi a mayar. Kwangilar nan kuwa ita ke riƙe da ofishin, har da kujerata a ciki.

Gajiya da sake zana fom ce ta sa na ƙirƙiro wata dabara (har yau ina alfahari da ita, Allah ya yafe mini). Kowane ɗan aiki a cikin manhaja, kamar shigar da sabon mamba ko sauya masa lambar waya, yana da bayani rubuce a kansa: me yake buƙata, suna ne ko lamba ko kwanan wata, da kuma abin da zai ɗauka idan ba a ba shi komai ba. Sai na rubuta abin da zai bi bayanan nan ɗaya bayan ɗaya ya fitar da fom a shafi da kansa. Ko dubawa ban tsaya yi ba, na shiga tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Ranar nuna aiki Alhaji ya zo da dattawa biyu bayan azahar. Suna zama aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, ɗakin ya yi duhu-duhu, ba abin da ke haske sai fuskar kwamfutar da ke aiki da batir. Alhaji ya sa tabarau ya ce a bar shi ya danna da hannunsa. Fom na farko lafiya, na biyu lafiya. Ya sake dannawa, sai ga wani da ni kaina ban taɓa gani ba, kuma a cike yake tun kafin kowa ya taɓa shi.

A hankali ya karanta, kowa yana ji. "Cire mamba da ya rasu. Suna, Alhaji Buba. Ranar rasuwa..." Ya ɗago ya dube ni. "Yau."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ja salati ya janye kujerarsa baya. Ni kuwa wallahi a wannan lokacin ban san daga ina abin ya fito ba. Madam ta matso kunnena ta ce, "Kai, wane ne ya sa wannan? Kwamfuta ba ya rubuta abu da kansa fa!"

Nan na tuna. Wata rana da Alhaji ya ƙure ni da gyare-gyarensa, ina rubuta ɗan aikin cire mamaci, ina neman sunan gwaji, sai na zuba nasa. Kwanan wata kuma na ce ya riƙa ɗaukar na ranar da aka buɗe. Na yi dariyata ni kaɗai, a ganina zagi ne a cikin ciki. Dabarata kuwa ba ta san kara ba, abin da ta tarar shi ta kwaso ta shimfiɗa.

"Ranka ya daɗe, kuskuren na'ura ne," in ji ni (ƙarya ce, kun sani).

Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau, ya dubi agogon bango ya ce, "To, ranar dai ba ta ƙare ba tukuna." Suka sauka a jere, ba sallama.

Maganar nan ta hana ni cin abinci. Na kira wayarsa, a kashe. Na sake kira, a kashe. Bayan la'asar na tari mashin sai Inkil, ina ta addu'a a hanya. Muna shan kwanar gidansa na hango tabarmi a shimfiɗe, takalma a jere, maza zaune jugum ba mai magana. Na diro daga kan mashin.

Na durƙusa a gabansu, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Wallahi ni ne, ni na rubuta sunansa, haushi ne ya ɗebe ni, ban san bakina zai kama shi ba!"

Duk suka zuba wa bayana ido.

"Amin, ɗana," in ji wata murya mai sanyi. "Ashe ba na'ura ba ce."

Na waiga. Ga shi tsaye cikin farar riga, carbi a hannu, daga masallaci yake. Mutanen kuwa 'yan kwamiti ne, sun taru su yanke ko za su ci gaba da aiki da mu. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Bai ƙwace kwangilar ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, ko murmushi bai yi ba: a cire sunansa daga gurbin, in sa nawa, sauran kuma a bar shi yadda yake.

Na dai koyi cewa duk abin da ka raɗa wa kwamfuta, wata rana za ta faɗe shi a gaban manya. Ƙungiyar tana nan tana amfani da fom ɗin. Duk ranar da suka yi rashi, sakatare ya buɗe, sunana yake fara gani da kwanan watan ranar, sai ya goge ya sa na mamacin. Ni kuma kullum ina roƙon Allah kada ya manta gogewa.