Bakwai Sau Takwas a Gaban Baturen Makaranta

Na manta abubuwa da yawa na zamanin Turawa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da Baturen makaranta ya zo duba ajina ba. Lokacin ina malamin gwaji a wata elementare kusa da Auyo, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a ƙi.

An aiko mana da takarda cewa a koya wa yara lissafi da abin da za su taɓa da hannu, kamar tsakuwa ko ƙwallon goruba. Hedimasta, Malam Garba, har ya sa an tara mini goruba kwando guda. Na tura shi bayan ƙofa. Ni da waƙa aka koya mini lissafin sau, da waƙa kuma nake koyarwa. In yarana suka ɗauka, har masunta a bakin fadama suna ji (a lokacin na ɗauka wannan shi ne gwaninta).

Ruwa ya cinye hanya, don haka a kwalekwale Baturen ya iso daga Haɗeja. Na ɗaga sanda, yara suka rera tun daga biyu har sha biyu, ba tuntuɓe. Ya gyaɗa kai, sannan ya nuna wata yarinya.

"Bakwai sau takwas?"

Yarinyar ta juyo tana kallona. Ya tambayi yara uku, duk suka kasa. Sai ya juyo gare ni. "To, Malam, taimake su."

Na buɗe baki, na tarar babu komai a ciki. Ashe ni ma ban san hanyar zuwa takwas ba sai ta ɗaya. Na fara ƙasa-ƙasa, "Bakwai sau ɗaya, bakwai..." Yaran da na hora da kyau suka ji an ɗauko waƙa, suka amsa gaba ɗaya. Haka muka tafi tare, ina kaɗa kai, har hamsin da shida. Kunya ta sa na kasa duban Malam Garba.

Baturen ya ce, "Amsa daidai ce. Tafiyar ce da nisa."

Aka ƙara mini shekara guda a gwaji. Washegari na jawo kwandon goruba.

Yanzu kowa ya tambaye ni bakwai sau takwas, ina ba shi amsa. Sai dai nakan fara yin ɗan tari tukuna, don waƙar ta samu ta iso.