Manya a Dama, Ƙanana a Hagu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa, da ranar da na kai ma'aikatan makarantarmu shan iska a tafkin Kainji. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ni kuma ina mataimakin hedimasta a wata firamare a Wara. Zan faɗi abin bi da bi, domin ban iya labari a hargitse ba.

Da farko ya kamata mai karatu ya san ko ni wane ne. Ni mutumin tudu ne. Ruwan da na sani tun ina yaro shi ne na rijiya, shi ma daga sama nake leƙa shi. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni son tsari. Ina da usur a wuya, kuma ko kaji na gani a filin makaranta sai na ji ina son su yi layi. Malamai ba su dariya idan ina kusa (a lokacin na ɗauka girmamawa ce).

Na biyu, abin da nake nema. Hedimastanmu zai yi ritaya, kujerarsa kuma ta daɗe tana yi mini kyau. Wanda maganarsa za ta yanke hukunci shi ne Sufeton makarantu da aka turo daga Sakkwato, wani dattijo ƙato, mai sanyin magana, wanda idan ya zauna benci sai benci ya yi ƙara. Na ce a raina, mutumin nan ya ga rajista da allo a ko'ina. Abin da bai gani ba shi ne shugabanci a fili. Sai na shirya a kai shi wani tsibiri a ci shinkafa da kifi a sha iska, ya ga yadda nake juya mutane.

Mun isa bakin ruwa da hantsi. Ruwa ya cika ya batse, mata suna wanki da wanke-wanke, ga masunta suna gyaran koma. Na ɗauki hayar jirgin katako mai faɗi irin na 'yan kasuwa, mai benci biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kafin kowa ya sa ƙafa na hura usur na yi jawabi.

"Ku saurara. In wani abu ya faru cikin ruwa, ba ihu, ba gudu. Za a fita bisa girma. Sufeto ne farko, sannan Hedimasta, sannan sauran malamai. Ni ne na ƙarshe, don shugaba ba ya barin mutanensa."

Sufeto ya gyaɗa kai. Na ji kujerar nan ta matso kusa.

Malam Audu, malamin aji uku, wanda bakinsa ba ya zama wuri ɗaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka iya ruwa ke nan?"

Na ce, "Malam Audu, ba a tambaya sai an ɗaga hannu."

Sai zama. A ofis, a taron iyaye, a wurin biki, ban taɓa yarda ƙarami ya zauna kafaɗa da kafaɗa da babba ba, kuma ban ga dalilin da jirgi zai zama daban ba. Dama ta manya ce. Na zaunar da Sufeto a dama. Na sa Hedimasta kusa da shi, da tumbinsa na shekara da shekaru. Na sa malamin Arabiyya, wanda shi ma ba a raina shi a wurin tuwo. Na zauna ni ma. Tukunyar shinkafa kuma, tunda abincin baƙo ce, ba ta da wurin da ya dace sai gefen baƙo. A hagu na jera ƙananan malamai, sababbin ɗauka, waɗanda albashi bai fara zama a jikinsu ba. In ka haɗa su duka ba su kai Sufeto da hularsa ba.

Muddin gindin jirgin yana kan laka, komai daidai yake. Na dubi dama, na dubi hagu, na ce wannan shi ne tsari. Mai jirgi ya tura mu, ya haye ta baya, ya juya mana ƙeya yana fama da igiyar inji da ta ƙi tashi. Jirgi ya soma shawagi a hankali, ya kuma ɗan kwanta ta wajenmu.

Malama Rahila, mai koyar da aji ɗaya, ta riƙe bakin jirgi ta ce, "Malam, kamar mun karkace fa."

Na ce, "Malama, idonki ne. A zauna da natsuwa."

Nan ne na tuna abu na gaba a shirina, wato gabatarwa. Bai kamata baƙo ya ci abinci da mutanen da bai sani ba. Na miƙe tsaye, na hura usur, na ce ƙananan malamai su taso su yi layi gaban Sufeto, kowa ya durƙusa ya faɗi sunansa da ajinsa. Suka dubi juna. Ba wanda ya motsa.

"Ba ku ji ba ne?"

Sun ji. Tun ranar da suka fara aiki nake koya musu ji. Na farko ya taso ya durƙusa. Na biyu ya biyo shi. Na ga ruwa ya zo daidai leɓen jirgi, amma tunda an fara layi ba a katse shi. Malam Audu ya taso na ƙarshe yana cewa, "To, Allah ya sa mu gama lafiya." Ya durƙusa ya ce, "Sunana Au..."

Bai kai ƙarshen sunansa ba. Abin da na gani na ƙarshe shi ne murfin tukunya yana wucewa ta gaban fuskata.

Jama'a, ruwa ba rijiya ba ne. Ya shiga hancina, ya shiga kunnena, babbar rigata ta lulluɓe mini kai. Jawabin da na yi ya fita daga kaina tsaf. Na miƙa hannu na cafki wani abu mai kauri, na haye shi, na naɗe shi da ƙafafu, na shaƙe shi da hannu biyu. Ina kalmar shahada, ina hura usur, ina kiran "Inna! Wayyo Inna!" (Inna tana can tudu tana sussukar gero, ba ta san ana yi ba.)

Can sai na ji murya mai sanyi daga ƙarƙashina.

"Malam. Malam. Sassauta mini wuya."

Na buɗe ido. Kowa yana tsaye. Ruwa iyakarsa ƙugu. Ko Malama Rahila, wadda ba ta da tsawo, tana tsaye tana matse ɗankwalinta. Ashe ba mu yi nisan jifa daga gaɓa ba. Ni kaɗai ne ba na tsaye, domin ina bisa bayan Sufeton makarantu na Jihar Sakkwato.

"Sauka, ƙasa na nan," in ji shi.

Na leƙa ruwan. Ban ga ƙasar ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni sauka."

"Mi ka ce?"

"Don Allah, ranka ya daɗe. In mun kai tudu."

Dattijon nan ya yi ajiyar zuciya, ya gyara ni a bayansa yadda uwa ke gyara goyo, ya taka da ni har gaɓa. Masu wanki suka bar wanki. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Wata ta ce, "Kai Alhaji, wanga yaro naka ya isa yaye!" Malam Audu yana biye da mu riƙe da takalmina ɗaya, yana cewa da ƙarfi, "A bi tsari, jama'a! Sufeto ne farko! A'a, ga shugaba ma ya iso tare da shi!"

Wannan ce rana ta farko da na ji dariyar malamaina. Ashe suna da ita da yawa.

Sufeto ya sauke ni, ya cire rigarsa ya matse, ya nemi hularsa bai gani ba. Na durƙusa zan ba da haƙuri, ruwa na zuba daga aljihuna. Ya ɗaga hannu.

"Bari, Malam. Na ji kana son hedimasta, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Za a duba," in ji shi.

An kuwa duba. Kujerar Wara aka ba wani. Ni kuma aka ba ni hedimasta, ba a hana ni ba, amma a wata ƙaramar makaranta da ke kan tsibiri a tsakiyar tafkin, inda ko gishiri za ka saya sai ka shiga jirgi. Kafin in isa, sunana ya riga ni. Yara da iyayensu Malam Goyo suke ce mini, har a gaban baƙi.

Shekarun da na yi can sun koya mini abu ɗaya, kuma zan faɗe shi a taƙaice. Har gobe ina son tsari, a aji manya suna gaba, a taro suna dama. Amma in na zo shiga jirgi, sai in sa usur a aljihu in jira. In mai jirgi ya ce, "Malam Goyo, koma can, kai da buhun albasan nan nauyinku ɗaya," sai in ce to, in je in zauna daura da buhun, in bar masa dama.