Sunan Mahaifiyar Nafi'u

Akwai wani abokinmu Nafi'u, malamin lissafi a wata makarantar kuɗi a Gumel, mutum ne mai tsoron 'yan damfara kamar me. Da zai buɗe asusu a shafin neman aikin gwamnati, sai aka jero masa tambayoyin tsaro, irin waɗanda ake yi wa mutum in ya manta kalmar sirrinsa: sunan mahaifiya, garin haihuwa, abincin da ya fi so. Ya ce shi ba zai rubuta gaskiya ba, don duk Gumel babu wanda bai san sunan tsohuwarsa ba, kuma har mai shayin bakin tasha ya san ɗanwake ne abincinsa. Sai ya yanke shawarar ƙirƙiro amsoshin ƙarya, ya adana su a manhajar ajiye kalmomin sirri da ke wayarsa. Yana zaune a ƙofar gida, duk abin da idonsa ya faɗa kai shi yake rubutawa. Ya gama, ya rufe, ya manta da zancen.

Bayan wata takwas aka fitar da sunayen waɗanda za a tantance, har da nasa. Sharaɗin shi ne kowa ya ciro takardar gayyata daga shafin kafin azahar. Nafi'u ya je shiga, shafi ya ce an kulle asusunsa, sai ya kira lambar taimako. To gidansu kaf babu inda waya ke kamawa sai bakin tagar ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Ya yi sallama ya shiga, ya tarar da ita da aminiyarta Hajiya Uwale suna ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya gaishe su, ya raɓa jikin taga. Dole kuma ya saki maganar a fili, tunda da wayar zai duba amsoshin.

Wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta ce sai ya amsa tambayoyi uku daidai, in ya kuskure ɗaya sai bayan kwana bakwai. Ta tambayi garin haihuwarsa. Ya duba manhaja, ya ce Bayan Turmi. Inna ta ɗaga kai. Aka tambayi abincin da ya fi so, ya ce tayar Keke Napep. Hajiya Uwale ta daina ɓara.

"Saura ɗaya, Malam. Sunan mahaifiyarka?"

Nafi'u ya duba amsar, ya saci kallon Inna. Mutumin da ko sunanta na gaskiya bai taɓa furtawa a gabanta ba. Ya roƙi matar ko zai iya turo mata a rubuce, ta ce a'a. Ya yi ƙasa da murya ya faɗa, ta ce ba ta ji ba, ya ɗaga. Ya kalli agogo, sha biyu da rabi. Ya runtse ido.

"Akuya Mai Ƙaho Ɗaya."

Matar ta ce daidai ne, ta buɗe masa asusu, har da cewa a gaishe da Mama.

Nafi'u ya zube ya shiga bayani: wallahi dabarar tsaro ce, ranar akuyar maƙwabta ce ta gifta ta gabansa, masana ma haka suke ba da shawara. Hajiya Uwale ta kama salati, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan ba, a ce ɗan da ka haifa ya kai ka har Abuja da wannan suna.

Inna ta hure ɓawon gyaɗar da ke tafinta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ƙyale shi, Uwale. Shekara da shekaru ina faɗa da mutanen unguwa in sun ce masa ɗan akuya. Ashe har da takarda gare shi."