Haladu Sitiyari da Fijon Marigayi Dakta

Wani mutum ne a Funtuwa, sunansa Malam Haladu. Amma idan ka je unguwarsu ka nemi Malam Haladu, sai mutane su yi ta kallon juna. Ce Haladu Sitiyari, nan take a nuna maka bencin da yake kai. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Ba shi da mota, ba shi da babur, kekensa ma ya shekara uku a jingine yana jiran taya. Amma motocin da, kaf ɗinsu a bakinsa suke fake.

Kullum bayan la'asar yana ƙofar shagon abokinsa Malam Inuwa mai gyaran rediyo, inda dattawan unguwa ke zama. Da wata sabuwar mota ta gifta, sai ya bi ta da harara.

"Wannan mota ce? Gwangwanin madara dai! Akuya ta goge ta sai an kira mai gyara. Ku da ba ku ga Zodiyak ba, ba ku ga Landiroba ta ainihi ba, me kuka gani? Fijo fa, idan ka rufe ƙofarta, ɗim! Har cikin haƙoranka za ka ji."

Daga nan sai labarin Baturen auduga. Wai shi ne direbansa, a wata Fijo baƙa wul. Wai sun bar Funtuwa da asuba, ya yi sallar la'asar a Ikko. Wai a hanya wani raƙumi ya tare su, suka yi karo, raƙumi ya mutu nan take, mota kuwa tsumma kawai aka sa aka goge.

Malam Inuwa, ba tare da ya ɗaga kai daga rediyon da yake kwancewa ba, ya ce, "Bara sa ka ce mana."

"Sa ne. Raƙumin yana bayansa."

A yi dariya, a wuce. Ba wanda ya taɓa ganinsa a bayan sitiyari, amma ba wanda ya isa ya ƙaryata shi, domin duk waɗanda za su ba da shaida sun riga mu gidan gaskiya. Kuma a yi masa adalci, son da yake wa motocin nan ba ƙarya ba ne. Idan ya zo kan ƙamshin kujerun fata da ƙyallin bamba, muryarsa takan yi laushi kamar mai tuna iyayensa.

Ana nan sai labari ya zo majalisa. Hajiya Yelwa, tsohuwar ungozoma, matar marigayi Dakta Mainasara likitan dabbobi, za ta ba da motar mijinta kyauta. Fijo ce 404, tana gareji a lulluɓe da tamfol, lokaci-lokaci bakanike yakan zo ya tayar da ita don kada ta mutu a tsaye. 'Ya'yanta suna so su mai da garejin shago, masu sayen tsohon ƙarfe kuma sun dame ta da sallama. Ita ko ta rantse ba za a sa wa motar Dakta guduma ba tana raye. Ta ce duk wanda ya san irin motar, zai kuma riƙe ta da mutunci, ya zo ranar Asabar. Sharaɗi ɗaya ne: ya tayar da ita, ya kai ta bakin layin dogo ya dawo.

Duk majalisa aka juyo ana kallon Haladu.

Malam Inuwa ya ce, "Mutumina, ta zo maka har gida."

Haladu ya bugi ƙirji. "Ni da Fijo? Ko ido a rufe!"

Yana faɗa, ya tuna bai taɓa tuƙi ba. Amma da ya koma gida ya kwanta, sai ya hango motar a zuciyarsa. Ga ta a ƙofar gidansa, ƙarƙashin darbejiya, tana sheƙi. Ga majalisa ta taso daga shagon Inuwa ta dawo gindinta. Ga shi ya jingina da bonet yana ba da labari, babu sauran mai cewa bara sa ne. Kai, wannan mota ba za ta wuce shi ba. Tuƙi kuma mene ne? Ba hannu da ƙafa ba ne?

Sai ya shirya dabara. Ranar Alhamis ya tafi tasha, ya yi rigima har aka ba shi gidan gaba a motar haya ta Malumfashi. Tun daga tashi har sauka idonsa na kan direba. Ƙofar hagu ake shiga. Ƙafar hagu kulochi. Hannun dama ya sauka ƙasa ya kama giya. Ya dawo a wata motar, haka. Ranar Juma'a ya sake zuwa, har direban ya tsargu ya ce, "Baba, lafiya kake leƙa min ƙafafu?" A gida ya zauna kan turmi, ya riƙe faifai, ya yi ta juyi yana kai hannu ƙasa, har matarsa ta zo ta karɓe faifanta.

Asabar da hantsi ya fito. Babbar riga ruwan toka, baƙin tabarau, ƙaramin tawul a wuya irin na direbobin da. Majalisa kaf ta biyo shi, aka haɗu da 'yan kallo a hanya.

An riga an turo motar zuwa ƙofar gida, aka yaye tamfol. Ruwan madara ce, bambarta na ɗaukar ido, fitilunta zagaye kamar idanun mai mamaki. Wani dattijo ya ce, "Allahu akbar, a irinta aka kai matata." Wani ya shafa gefenta ya ce a da, da ƙarfe ake yin abu.

Hajiya Yelwa na zaune kan kujerar roba, ƙaramar tsohuwa mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Suka gaisa.

"Malam Haladu, an ce ka san irinta."

"Hajiya, sani? Ai ni da Fijo tare muka girma. Allah ya jiƙan Dakta, ya san abin saye."

"Amin. Ga makulli."

Ya karɓa. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya harbi taya da ƙafa. Sannan ya nufi ƙofar hagu, fuskarsa na wajen jama'a, yana yi musu bayani.

"Ku duba, yara. Ba a faɗa wa Fijo kamar buhu. Da baya ake shiga, a hankali."

Ya buɗe, ya zauna da baya, ya jawo ƙafafu, ya rufe ƙofa, ɗim! Ya miƙa hannu biyu zai kama sitiyari.

Iska ya kama.

Ya cire tabarau. Babu sitiyari. Ya duba ƙasa, babu kulochi, babu birki. Ya waiga dama, sai ga sitiyari can ɗaya gefen yana kallonsa.

Malam Inuwa ya sunkuyo ta taga. "Sitiyari, ina sitiyarin?"

Hajiya ta ce, "Kafin canjin hannu Dakta ya saye ta, lokacin ana bin hagu a titi. Duk motocin wancan zamani a dama direba yake zama. Ta Baturenka ba haka take ba?"

"Haka take, Hajiya, haka take! Kujerar fasinja nake gwadawa. Direban ƙwarai ba ya tashi sai ya san yadda maigida zai ji."

Ya fito ya zagaya, gumi ya fara tsattsafo masa. Malam Inuwa ya shige kujerar da ya bari, ya ce shi ne maigida yau.

Haladu ya zauna, ya kama sitiyari, ya ji sanyi a ransa. Ya taka kulochi daidai yadda ya gani. Ya sauke hannun dama zai kama giya, sai ya cafki abin ɗaga gilashi. Ya murɗa. Gilashi ya tashi suuu, ya rufe shi a ciki. Ya mayar da shi ƙasa da sauri. To, tunda komai ya juya, giya tana hagu ke nan. Ya kai hannun hagu da ƙarfi, ya damƙi wani abu mai tauri, ya tura gaba.

"Wayyo! Gwiwata ce, Haladu!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Haladu ya lalubi ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya ɗago a fusace.

"Hajiya, an cuce ki. Kanikawan zamani sun cire giyar gaba ɗaya!"

Hajiya ta taso a hankali, ta zo bakin taga, ta nuna wani siririn ƙarfe da ke jikin sitiyari.

"Ga ta nan. Inda take tun ran da aka ƙera ta."

"Na gan ta! Gwada Inuwa nake, in ga ko ya sani."

"Ni ban ce na kai Bature Ikko ba," in ji Inuwa, yana murza gwiwa.

Haladu ya sa makulli ya murɗa. Gur-gur-gur-gur. Ba ta kama ba. Ya sake. Gur-gur-gur.

Hajiya ta ce, "Ta kwana biyu ba ta tashi ba. Ja mata cok."

Cok kuma? Direbobin Malumfashi ba su ja wani cok ba. Ya dubi maɓallan da ke gabansa, ya zaɓi ɗaya da bismilla. Abin share gilashi ya tashi, shar, shar, shar, a busasshen gilashi, rana tsaka.

"Yayyafi ake a ciki?" wani ya tambaya daga baya.

Haladu ya kashe shi, ya ce Fijon kirki ba ta buƙatar cok. Ya kama makulli ya yi ta murɗawa, yana kaɗa kai kamar mai sauraron ciwo. Gur-gur. Gur. Gur. Ƙyat. Ƙyat.

Shiru.

"Batir ya mutu," ya ce, ya jingina da kujera. "Ba laifina ba ne. Da batir ɗin da ne, na zamaninmu..."

"Da ransa ka same shi," in ji Hajiya. "Fito, Malam Haladu."

Ya fito. Tsohuwar nan ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta tuɓe takalmi ta miƙa wa wata maƙwabciya, ta shiga ta zauna. Ta gyara madubi. Ta jawo wani ɗan maɓalli, cok ɗin ke nan, ta taɓa giya da yatsu biyu kamar mai gyara ɗankunne. Kowa ya saki baki.

"Shekara ashirin da ita nake zuwa karɓar haihuwa a ƙauyuka idan Dakta ba ya gari. A tura."

Maza suka yi caa a bayan mota. Wani ya dafa fitila, wani ya danna tsakiyar but, wato murfin baya, wani yana tura gilashin baya da tafin hannu. Wannan na turawa gabas, wancan yamma. Mota ta yi gaba kaɗan, ta tsaya.

Haladu yana gefe yana kallo. Ya daure. Ya sake daurewa. Da ya ga wani ƙato ya ɗora gwiwa kan but, sai abin ya fi ƙarfinsa.

"Kai! Kai! Za ka lotsa ta! Wa ya koya muku turi? Ku kauce!"

Kafin a ankara ya tuɓe babbar riga ya jefa kan katanga. Ya ninke tawul ya ɗora a kafaɗa. Ya tofa yawu a tafin hannu.

"Kai, nan. Kai, can, kusa da fitila amma kar ka taɓa ta. Ba da hannu ake turi ba, da kafaɗa ne! Ƙafa ɗaya a baya. Sai na ce, sannan. Hajiya, giya lamba biyu, ki danne kulochi, kar ki saki sai kin ji muryata!"

Ya kafa kafaɗa, ya sunkuyar da kai, ya buɗe murya irin wadda majalisa ba ta taɓa ji ba.

"Haaai-sha! Ta tafi! Haaai-sha! Ta tafi! Ƙara wuta! Tukuna, Hajiya, tukuna... Saki!"

Guf. Guf-guf. Buuuu!

Fijo ta kama. Hayaƙi ya tashi, ta miƙe titi tana gurnani mai daɗi, Malam Inuwa na ɗaga hannu ta taga. Haladu ya tsaya tsakiyar hanya daga shi sai 'yar shara, yana kakkaɓe hannu, bakinsa har kunne.

"Kun gani? Haka ake yi! Taku goma sha biyu, ba ta taɓa wuce min haka ba!"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ya waiga. Majalisa kaf shi take kallo.

Jim kaɗan mota ta dawo daga layin dogo, ta tsaya daidai ƙafarsa, injin na aiki. Hajiya Yelwa ta sauke gilashin idonta ta ƙare masa kallo.

"Tun da ka zo nake cewa na san fuskar nan, na rasa a ina. Ashe ba fuskar na sani ba, muryar ce. Tashar Funtuwa, da sanyin safiya, duk motar da ta ƙi tashi kai ake kira. Ba kai ne Haladu Mai Turi ba?"

Haladu ya zare tawul daga kafaɗa, ya ɓoye shi a baya.

"Allah sarki. Dakta yakan ce daga nan har Gusau babu kafaɗa irin taka. A madubi muka saba ganinka, shi ya sa na kasa gane ka daga gaba."

Malam Inuwa ya kife kan gwiwarsa, dariya ta hana shi numfashi. Wani dattijo ya zauna a ƙasa daɓas yana share hawaye.

Haladu ya yi ƙarfin hali ya ce, "To, Hajiya... motar fa?"

"Na fasa bayarwa. Ashe ƙafata ba ta manta ba. Shago kuma su nemi wani wuri." Ta taɓa giya, sannan ta sake leƙowa. "Amma ban cire ka a ciki ba, Malam Haladu. Gobe ina da biki a Bakori, kuma ka kashe min batir. Ka zo da wuri, ka taho da tawul ɗinka."